Tsohuwar reza ma tana da masu nema

Jama'a masu karatu, musamman ku ƴan kasuwa maza da mata, yau za mu tattauna a kan wata haja wadda ba ta da girma, ba ta da tsada, amma babu teburin da za ka rasa ta. Daga babbar kasuwar Maraɗi zuwa kasuwar Dole ta Damagaram, daga Tawa zuwa Katako ta Yamai, kowane mai tebur yana ajiye reza kusa ga ashana da allura da batir. Tela na warware ɗinki da ita, uwargida na yanke farce, ɗan lakkol na feƙe fensir, mai aski na gyara ƙeya. In ta dakushe sai mu jefar, mu sayi wata, takardarta kuwa iska ya ɗauke.

To, a Amurka da Ingila da Jamus da Faransa akwai mutanen da suka mai da wannan abin yarwa abin tarawa. Suna neman rezar da aka ƙera shekara 50, 70, har 100 da suka wuce, wadda ba a taɓa buɗe takardarta ba. Suna jera su kamar yadda waɗansu ke jera tsoffin kuɗi ko tambarin gidan waya. Sun san yadda ake gane shekarar da aka yi kowace, kuma a cikinsu har da masu aske gemu da ita. Maganar ta shafe mu ta fuska biyu. Ta farko, ilimin karanta takardar haja ilimin ɗan kasuwa ne. Ta biyu, kalmar "tsohuwar reza" tana da ma'ana biyu, kuma wanda ya haɗa su wuri guda yana iya sayen cuta da kuɗinsa.

Ɗan talla ne ya ƙirƙiro ta

Kafin reza, Turawa ma da aska suke aski kamar wanzamanmu, a wasa ta a dutse, a goga a fata. A 1880 waɗansu ƴan uwa masu suna Kampfe, a birnin Niyok, suka fito da aska mai ɗan shinge da ke hana ta nutsewa cikin fata, amma ita ma sai an riƙa wasa ta.

Wanda ya sake lamarin shi ne King Camp Gillette, wanda aka haifa a 1855. Shi ba maƙeri ba ne, ɗan talla ne mai yawo gari gari da kayan kamfani. Maigidansa William Painter, wanda ya ƙirƙiro marfin kwalba na ƙarfe irin wanda muke gani a kan lemo, ya ba shi shawarar da kowane ɗan kasuwa zai gane: ka nemi abin da mutum zai yi amfani da shi ya yar, ya dawo ya sayi wani. A 1895 tunanin reza ya zo ma Gillette. Sai dai maƙera sun ce ma shi ƙarfe mai sirantaka kamar takarda ba ya ɗaukar kaifi. Ya yi shekaru yana fama har ya gamu da wani injiniya, William Nickerson, wanda ya ƙera injin da ya yi aikin. Aka kafa kamfani a birnin Boston a 1901.

A 1903, shekarar farko ta ciniki, gidan reza 51 kawai suka sayar, da reza 168. Gidan reza shi ne wannan mariƙin ƙarfe da ake ɗaura reza a ciki. Shekara guda bayan haka, a 1904, gidan reza sama da 90,000 ya fita. Kuɗinsa dalar Amurka 5, kuɗi mai kauri ga lebura a wancan zamani. Da Amurka ta shiga yaƙin duniya na farko, gwamnati ta saya ma sojojinta gidan reza miliyan 3 da rabi da reza sama da miliyan 30. Samarin suka koma gida da sabon sabo. A 1921 takardar da ta hana kowa kwaikwayon ƙirar ta ƙare, kamfanoni suka yi caa a kan sana'ar, gidan reza ya yi araha har ana ba da shi kyauta a kan wata haja. Ribar tana cikin rezar da za a dawo a saya kowane sati.

Ƙarfe ya sake sau da yawa

Mai son gane shekarun reza dole shi san wannan jeri. Rezar farko huda uku gare ta a tsakiya, masu zagaye. A wajen 1930 aka koma ga doguwar tsaga mai ƴan lunguna, irin wadda muka sani yau, bayan wata rigima tsakanin Gillette da kamfanin AutoStrop na Henry Gaisman, rigimar da ta ƙare da haɗewar kamfanonin biyu a wannan shekara. A 1932 aka fito da Blue Blade, mai launin shuɗi. A 1960 aka fito da Super Blue, wadda aka shafa ma bakinta wani abu mai santsi don kada ta ja gashi.

Duk waɗannan da baƙin ƙarfe ne mai tsatsa. In ka yi aski ba ka goge ta bushe ba, gobe ka tarar ta yi ja. Sai a 1962 kamfanin Wilkinson Sword na Ingila, wanda ya yi suna tun da can wajen ƙera takubba, ya cika kasuwa da reza marar tsatsa, wadda aka shafa ma bakinta irin abin nan da ake sa ma tukunyar da abinci ba ya kamawa. Guda ɗaya tana yin aikin da da sai reza da yawa. Mutane suka yi rububinta, dole Gillette ya fito da tasa a 1963. Daga 1971 aka fara sayar da kan aski mai reza biyu cikin roba, sannan a 1975 kamfanin Bic na Faransa ya kawo abin aski na roba wanda ake yar da shi gaba ɗaya. Daga nan reza mai baki biyu ta ja baya a ƙasashen Turawa, ta zama kayan tsoffi. A wajenmu kuwa, da Indiya da Masar da Pakistan, ba ta taɓa barin kasuwa ba.

Mi suke nema a ciki?

Yawancin masu tarawa takarda suke so fiye da ƙarfe. Tsakanin 1920 da 1960 kamfanonin reza sun yi yawa ƙwarai, musamman a garin Solingen na Jamus, garin maƙeran wuƙa da almakashi, inda har yau akwai gidan tarihi na kayan kaifi. Izin guda tana iya buga reza iri ɗaya ta naɗe ta cikin takardu masu suna daban daban, kowane babban ɗan kasuwa da nasa tambari. Tun da ƙarfen kusan ɗaya ne, zane ke jawo mai saye: zaki, giwa, jirgin sama, zakara, ɗan dambe, sarki da rawani. An yi haka ne har da don ƙasashen da masu saye da yawa ba su karanta boko, su nuna hoto su ce ga wadda suke so. Mu ma mun san wannan, domin rezar Nacet da kadan da ke takardarta ake gane ta, Tiger kuma da damisarta. Shi Gillette hoton fuskarsa da gashin bakinsa da sa hannunsa ya ɗora a kan takarda, har fuskar ta zama sananniya a duniya.

Abin da ke ƙara ma tsohuwar reza daraja abu huɗu ne. Ta kasance ba a buɗe ba. Launin takardar bai kode ba. Sunan ya zama wanda ba a cika samu ba. In kuma an samu fakiti cikakke da ledarsa, ko kwalin nan da ake ratayawa a kanti da fakitocinsa duka a jiki, to ya fi guda guda nesa. Wanda ya yage takarda don shi ga abin da ke ciki ya zubar da mafi yawan kuɗin da hannunsa.

Yadda ake karanta shekarunta

Hanya ta farko ita ce duba ƙarfen, in akwai guda da ta riga ta fita daga takarda. Huda uku na nufin ƙirar kafin 1930, ko da yake waɗansu ƙananan kamfanonin Turai sun ci gaba da ita bayan nan. In an rubuta cewa ba ta tsatsa, mafi rinjaye bayan 1962 aka yi ta.

Hanya ta biyu ta shafi Gillette da aka ƙera a Amurka. Tun daga 1930 kamfanin yana buga harafi guda da lamba guda a jikin rezar. Harafin shekara ne, lambar kuma daga 1 zuwa 4 tana nuna kashin shekara: 1 Janairu zuwa Maris, 2 Afrilu zuwa Yuni, 3 Yuli zuwa Satumba, 4 Oktoba zuwa Disamba. A ita ce 1930, B 1931, haka har Z a 1954, domin ana tsallake harafin Q. Sai aka sake komawa A a 1955, aka kuma komawa a 1980. Daga 1951, shekarar harafin W, aka fara buga wannan alama a ƙarƙashin gidan rezar ma.

Ke nan harafi guda yana iya nufin shekara uku, tsakaninsu 25, 25. Ga misali. Mun samu reza marar tsatsa mai alamar L da 3. Harafin L na iya zama 1941, ko 1966, ko 1991. Shekarar 1941 ta fita, tun da a lokacin baƙin ƙarfe ake yi. Saura biyu. Sai mu juya fakitin. In babu ƴan zanen nan baƙaƙe da injin kanti ke karantawa, wanda ba a fara amfani da shi a shaguna ba sai 1974, to 1966 ce, tsakanin Yuli da Satumba.

Hanya ta uku ita ce sunan ƙasa, kuma wannan tana aiki a kan kowace haja, ba reza kaɗai ba. In takarda ta ce an yi ta a Jamus ta Yamma, tsakanin 1949 da 1990 ne. In ta ce Tarayyar Sobiyet, ba ta wuce 1991 ba. In ta ce Cekoslobakiya, ba ta wuce 1992 ba, domin daga 1993 ƙasar ta rabu biyu. In rezar Masar ce aka rubuta haruffan U.A.R., tsakanin 1958 da 1971 ne, lokacin da ƙasar ke amsa wannan suna. In adireshin Amurka ne mai lambar gidan waya guda biyar, bayan 1963 ne.

Akwai tarko biyu da ke kama sabon shiga. Shekarar da aka rubuta a jikin takarda sau da yawa shekarar rajistar ƙira ce ko ta kafa kamfani. Abin da take gaya maka kawai shi ne hajar ba ta girme ta ba, amma tana iya zama ƙanwarta da shekara 30. Haka hoton Gillette: mutumin ya rasu a 1932, hotonsa kuwa ya daɗe a kan takarda bayan mutuwarsa. Saboda haka masana ba su yarda da shaida guda. Sai ƙarfe da takarda da harafi sun yi baki ɗaya.

Ana aski da ita?

Ana yi. Girman reza bai sake ba tun wajen 1930: tsawonta kusan milimita 43, faɗinta 22. Don haka rezar 1965 tana shiga gidan rezar yau, ta yau ma tana shiga gidan rezar kakanni. Mai huda uku ce kaɗai ba ta zama a gidan da ke da doguwar sanda a tsakiya.

Masu wannan sha'awa sun raba tsoffin reza gida biyu. Na baƙin ƙarfe, kafin 1960, yawanci ba su ba da daɗi. Bakin reza ya fi gashi siranta, shi ne danshi ke fara ci, ko da kuwa fuskarta na walƙiya. Reza tana iya fitowa daga takarda fes, amma ta ja gemu kamar ana figar kaza. Ko a zamaninta ma mutane suna goga ta a cikin kofin gilashi ko a wani ɗan injin wasawa don ta ƙara kwana biyu. Marasa tsatsa na shekarun 1960 da 1970 kuwa, irin su Wilkinson ta Ingila da Personna 74 ta Amurka, suna da masoya da ke rantsuwa sun fi na yau kaifi da juriya, domin an yi su lokacin da kamfanoni ke tsananin gasa a kan wannan haja. Wannan ra'ayinsu ne, kuma gemu ya bambanta. Abin da babu gardama a kai shi ne, duk wadda aka yi aski da ita ta fita daga lissafi, ba za a ƙara ƙera irinta ba. Shi ya sa tsakanin masu ajiya da masu aski ake ɗan hararar juna.

Amma ku lura da kyau. Waɗannan mutane da rezar da ba ta taɓa fatar kowa ba suke aski. Suna duba ta a haske, in da ɗigon tsatsa a baki su mai da ita wurin ajiya. In tsohon gidan reza suka saya, sai sun wanke shi da ruwan zafi da sabulu da buroshi, sun jiƙa shi cikin alkol kafin ya kusanci fuska. A tsoffin gidajen Amurka akwai ƴar tsaga a bangon makewayi wadda ake zura rezar da ta gama aiki, ta faɗa cikin bango. Magina kan tarar da tulinsu in ana gyaran gida. Babu mai tarawa da ke ɗaukar waɗannan, shara ce.

Tsohuwa daban, wadda ta sha jini daban

A nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Reza ba ta cikin wannan karin magana. A bakinmu, in an ce tsohuwar reza, ana nufin wadda wani ya riga ya yi amfani da ita: wadda ke kan taga, ko cikin kwanon allura, ko wadda yaro ya tsinto a bola. Ita wannan ba ta da mai saye ko'ina a duniya, kuma tana kisa.

Ƙwayar ciwon hanta mai lamba B tana iya rayuwa a cikin busasshen jini aƙalla kwana 7, jinin da ido ba ya gani. Reza guda da ta zagaya kan yara biyar ran jajibirin salla ta isa ta raba musu ciwon. SIDA ma tana bin jini. Sai tetanos, ciwon da ke sandarar da jiki ya ɗaure muƙamuƙi. Ba tsatsa ce da kanta ke kawo shi ba, ƙwayarsa tana cikin ƙasa da kashin dabbobi, ta manne a ƙarfe mai datti. Jaririn da aka yanke ma cibi da irin wannan reza yana cikin babban hatsari. Dalili ke nan da ya sa sabuwar reza cikin takardarta take cikin ƴan kayan haihuwa da ma'aikatan lafiya ke umartar a tanada, tare da sabulu da zare mai tsabta.

Ku iyayenmu mata na kasuwa, ku ne kuke sayar da ita, ku ne kuma ake kira in haihuwa ta zo da dare. Ajiye guda biyu da ba a buɗe ba cikin kayan mai ciki ba ya cin jari. In kun kai yaro aski, ko wajen wanzami don sunan jariri ko kaciya, ku tafi da taku, ko ku tsaya a yage takardar a gabanku. Wanzami na ƙwarai ba ya fushi da wannan. Wadda ta gama aiki kuma a zura ta cikin gwangwanin madara da aka huda ma tsaga, in ya cika a danne bakin a binne, kada ta koma hannun yara.

In ka tarar da ita a magaza

Kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA sun yi kantuna a Maraɗi da Damagaram tun zamanin mulkin mallaka, kaya kuma sun daɗe suna shigowa ta Kano. Saboda haka ba abin mamaki ba ne wani shi buɗe akwatin kakansa tsohon soja, ko shi share magazar mahaifinsa, shi ci karo da fakitin reza na da. In haka ta faru, kada a buɗe, kada a wanke, kada a shafa mai. A naɗe shi a ajiye wuri mai bushewa, nesa da rana mai kodar da launi da danshin damina. A ɗauki hotonsa gaba da baya da salula, a nemi wanda ya iya duba kasuwannin intanet irin su eBay, shi duba nawa aka sayar da irinsa, ba nawa mai shi ya yi ma kuɗi ba.

Kuma kada zuciya ta yi nisa. Mafi yawan tsoffin reza an buga su ne da miliyoyi, kuɗinsu kaɗan ne, sau da yawa kuɗin aikawa waje ya fi abin da za a samu. Wanda ya zo ma ka da labarin cewa wani Bature na jira da miliyoyi, amma sai ka fara ba da kuɗin takardu, ɗan damfara ne. Alhazanmu ba su manta da abin da ya faru a Saudiyya a 2009 ba, lokacin da aka baza jita-jitar cewa akwai wata jar zaiba mai tsada a cikin tsoffin kekunan ɗinki na Singer. Mutane suka zuba dukiya suna saye, a ƙarshe keke dai keke ne. Cikin reza babu komi sai ƙarfe.

Ribar da ta tabbata ita ce ta ido. Ɗan kasuwar da ya saba juya fakiti shi duba ƙasar da aka yi shi, da tsabtar bugun rubutu, da yadda aka naɗe takardar ciki, shi ne ba a cika sauke ma jabun kaya ba. Reza ta jabu mai saye yana gane ta tun a jan farko, kuma ba kamfanin zai zaga ba, mai teburin da ya sayar ma shi zai ƙaurace ma. Haja ce ta ƴan canji, amma ita ke dawo da mutum teburinka kowane sati, kamar yadda ɗan tallan nan na Boston ya hango tun 1895.

Allah shi kawo kasuwa mai albarka, shi kare mu da iyalanmu. Amin.